Murfin Motar Mai Tsaki

A gida Auta ake ce mata, a waje kuwa Mai Tsaki, domin shekara shida ke nan tana ɗauko 'yan tsaki daga gidan ƙyanƙyasa tana rarraba wa masu kiwon kaji a bayan gari. Motar da take aikin da ita wata tsohuwar a-kori-kura ce fara, wadda mahaifinsu ya rasu ya bar musu, ita da yayanta. Takardun motar sunan Yaya ne a kai, amma makullin a jakarta yake zama, kuma duk wanda ya san motar ya san ba ta tashi da safe sai an lallashe ta yadda Auta kaɗai ta iya.

Matsalar daga bayan motar ta taso. A buɗe yake, sai tamfol da take ɗaurawa sama-sama saboda rana, ta bar gefe da gefe a sake. Ɓarayin kan titi kuwa ba su neman abin da ya fi haka. Sau biyu cikin wata ɗaya aka yi mata ta'asa a cunkoson da ke gaban babbar gada. Na farko ba ta ma sani ba, sai da ta isa gonar farko ta tarar an tsinke igiya da reza, kwali uku sun yi ƙafa. Na biyu a madubi ta hango hannun mutumin. Ta ja birki, ta fito ta bi shi tsakanin motoci, ta cafko bayan babur ɗin da ya haye, suka ja ta a kan kwalta. Ta dawo da kwalinta, amma ta bar fatar tafin hannunta a titi.

Ita da take ba da labarin, alfahari take yi. Yaya da ya zo dubiya bai ga abin alfahari ba. Ya zauna a kujerar da ke bakin ƙofa yana kallon bandejin, ya bar ta ta gama cika bakinta tas, sannan ya yanke hukunci kamar yadda ya saba: ko dai a yi wa motar murfi irin wanda shi zai zaɓa, ko kuma motar ta koma shagonsa ta riƙa dakon siminti, Auta ta nemi aikin da ake yi a zaune.

Dole a yi wa Yaya adalci, ba mugu ba ne. Mai sayar da siminti ne, kuma shekara ashirin abokan gabansa biyu ne kawai, ruwa da hannun mutane. A wurinsa abin da aka rufe ruf shi ne abin da aka tsare. Ga kuma wani tsohon zance tsakaninsu. Tana 'yar shekara biyar ƙofar sito ta rufe da ita, sakata ta faɗa, ta yi ta bugu tana kuka har muryarta ta dishe, kuma shi ne ya fasa ƙofar da gatari. Tun daga ranar ba ta iya zama a ɗakin da babu taga. Shi kuma tun daga ranar ya ɗauka tsaronta a wuyansa yake, bai taɓa tsayawa ya tambaye ta ko har yanzu tana bukata ba.

Murfi dai ita ma tana so, ba ta musa ba. Tamfol ya riga ya ba ta kunya, ragar igiya kuwa reza ɗaya ce maganinta. Ta juya bayan wani kwali ta zana masa abin da ke ranta: keji na rodi, a bi shi da ragar ƙarfe mai kauri, a yi masa rufi a sama, gefuna su zama iska na shiga tana fita. Yaya ya ce wannan ai talla ce za ta yi wa ɓarayi, su ga kaya da idonsu su zaɓa. Ta ce masa ɗan tsako zafi ke kashe shi tun kafin yunwa ta tuna da shi. Ya ɗauki kwalin ya nuna mata hujojin da ke jikinsa, ya ce to waɗannan fa, ado ne? Ai masu kamfani sun riga sun yi musu hanyar numfashi. Ta yi bayani har bakinta ya gaji, cewa huji ba ya haifar da iska, sai dai ya bar wadda ke waje ta shigo. Ya gyaɗa kai irin gyaɗawar wanda ya riga ya gama shawara tun a gida.

Ranar Talata ya ari motar da sunan za a canja mata mai. Laraba ta wuce ba mota. Ranar Alhamis da tsakar rana ya kira ta a waya ya ce ta same shi wurin Baba mai walda, kuma tun daga muryarsa ta san an riga an gama da ita. Washegari kwali arba'in ke jiran ta a gidan ƙyanƙyasa.

Wurin Baba fili ne da babu inuwa sai 'yar rumfar da yake ajiye injinsa. Ƙofofin gidajen mutane jingine da katanga suna jiran fenti, guntayen rodi ko'ina, sai ka kalli ƙasa kafin ka taka. Motar tana tsakiya, kuma abin da ya fi ba Auta haushi shi ne aikin ya yi kyau. An gina wa bayan motar akwatin ƙarfe daidai tsayin rufin mazaunin direba, an shafe shi da shuɗin fenti mai duhu, an yi masa ƙofa ɗaya ta baya da wurin kwaɗo biyu, an bi bakinta da roba. Baba, baƙin tabarau ɗage a goshi, yana ta washe baki. Ya ce bokiti guda ya watsa wa murfin nan da safe, ko ɗigo bai shiga ba.

Ta zagaya motar sau ɗaya. Ta ɗora bayan hannunta a kan ƙarfen ta janye da sauri. Sannan ta gaishe da Baba da ladabi, ta yaba aikinsa, ta ce saura abu ɗaya: a yanka mata tagogi a gefe biyu da gaba, a sa raga. Baba ya dubi Yaya, ya dubi ƙasa, ya ce shi dai wanda ya kawo aiki shi ke cewa a yanka. Yaya ya ce ko hujin allura ba za a yi ba. Ya ciro makullin motar daga aljihu ya nuna mata, ya ce idan ta yarda da murfin yadda yake, ga shi nan ta ja motarta. Idan ba ta yarda ba, yanzun nan zai wuce da motar shago.

Ranta ya ɓaci ƙwarai, har ta ji idonta na zafi. Ta san idan ta karɓa, gobe gawa za ta sauke wa mutanen da suka share ɗakunan kajinsu suna jiran ta. Idan ta ƙi, shekara shida sun tashi a banza. Magana kuwa ta ƙare, ta riga ta yi ta duka. Sai ta tuɓe takalmanta, ta jera su a gindin taya, ta buɗe ƙofar akwatin ta hau ta zauna, ta naɗe ƙafa.

"Daga gidan ƙyanƙyasa zuwa gonar farko minti arba'in ne, idan babu cunkoso," in ji ta. "Rufe ni, Yaya. Idan na cika arba'in lafiya, na yarda da murfinka, ba za ka ƙara jin bakina ba."

Ya ce ta daina shirme ta sauko, ba ta ga mutane ba ne. Gaskiya kam masu gyaran taya na maƙwabta sun fara leƙowa. Ta ce ai shi ya ce akwai iska, kuma ita kaɗai ce, ba tsaki dubu biyu ba. Ta miƙa hannu mai bandejin ta jawo ƙofar da kanta. Daga ciki ta ce masa ya sa kwaɗo, haka za a yi gobe. Taurin kai kuwa ba ita kaɗai ta gada ba a gidansu. Ta ji ƙarar kwaɗo ɗaya, sannan na biyu, ta ji yana ce wa Baba ya duba agogo, minti biyu ma ba za ta yi ba za ta buga.

Duhun ne ya fara kama ta, domin Baba bai yi ƙarya ba, ko zaren haske babu. Sai warin sabon fenti, sai zafin da ke sauka daga sama yana tasowa daga ƙasa. Gumi ya keto mata lokaci ɗaya, ya shiga cikin bandejin ciwon ya fara zogi. Ta ja numfashi ta ji kamar daga bakin tukunya ta shaƙo shi. Tsoro ya zo, tsohon tsoron nan na sito, bai tsufa ba ko kaɗan. Hannunta ya tashi da kansa zai bugi ƙarfen, ta kama shi da ɗayan ta danne a cinya. Ta cusa bakin mayafinta a baki ta ciza. A ranta ta ce ko suma za ta yi, sai dai ta suma, amma ba za ta buga ba.

Tana jin takun Yaya a waje. Da farko a hankali yake tafiya, yana yi wa Baba hirar farashin rodi da murya sama-sama don ta ji. Can hirar ta mutu. Takun ya zagaya motar, ya sake zagayawa. Ya kira ta, "Auta." Don gayya ta ƙi amsawa. Ya sake kira, wannan karon bakinsa dab da ƙarfen. Daga nan sai ƙarar makullai, ɗaya ya faɗi ƙasa, ta ji yana ce wa Baba ya kawo guduma, Baba yana cewa ya yi a hankali ga makullin nan a ƙafarsa.

Ƙofar ta buɗe, haske ya mare ta. Zafin da ya fito ya daki fuskar Yaya har ya ja da baya taku ɗaya. Ta jiƙe sharkaf, amma rigarsa ma ta manne masa a baya, shi da yake waje. Ya ce ta fito. Ta tambayi Baba minti nawa aka yi, ya ce shida.

"Saura talatin da huɗu," ta ce, ta kai hannu za ta jawo ƙofar.

Ya riƙe ta gam. Ta ja, ya ja.

"Ni da nake da baki, kuma kake tsaye a kaina, ka kasa bari na minti shida," in ji ta. "Su gobe ba su da wanda zai zagaya mota yana kiran sunansu."

Ya leƙa kansa ciki, ya shaƙi abin da ta shaƙa, ya fito da shi. Da ya yi magana, a hankali ya yi, yadda masu gyaran taya ba za su ji ba. Ya ce shi ba tsakin yake gani ba idan ya rufe ido, hannunta yake gani ana jan sa a kan kwalta, kuma bai san yadda zai yi da wannan ba. Tausayinsa ya kama ta, amma ba ta bar shi ya sassauta ta ba. Ta ce to ya zaɓi ragar da kansa, mafi kauri da ke kasuwa, a ɗinke ta da walda ta ciki yadda almakashi ba zai samu bakinta ba, kwaɗo kuma ko huɗu yake so ya sa. Idan hannu ba ya shiga, ita ma ba ta da wanda za ta bi da gudu. Amma tagogi ita za ta ce inda za su zauna, domin ita ta san inda kwali ke tsayawa, kuma ba za ta sauko ba sai an zana su.

Baba ya yi gyaran murya, ya zaro alli daga bayan kunne, bai san wa zai ba ba. Yaya ya karɓa. Ya samo wani guntun katako ya tokare ƙofar da shi a wangale, ya gwada ya tabbatar ba za ta rufe ba, sannan ya zagaya gefen motar ya tsaya.

Sai a lokacin Auta ta bugi ƙarfen. Ta buga inda take son kusurwar farko ta taga, ta ji alli ya yi ƙara a daidai wurin ta waje. Ta matsa ta buga ta biyu, allin ya biyo ta. Haka suka bi gefen dama, suka bi gaba, suka bi hagu, tana bugawa yana amsawa. Da suka gama ta sauko, ta ƙi hannun da Baba ya miƙo mata, ta sa takalmanta, ta je duba zanen. Kowace taga Yaya ya ƙara mata faɗin tafin hannu a kan inda ta buga.

Ta dube shi. Ya kawar da kai, ya ce wa Baba a yanka, kuma yau ɗin nan za a gama, mota na da lodi da safe. Baba ya sauke tabarau kan idonsa ya jawo waya. Kafin injin ya tashi, Yaya ya kama hannunta mai lafiyar, ya sa mata makullin motar, ya ɗora na kwaɗon guda biyu a kai. Kowane kwaɗo da makulli biyu ya zo, ta san haka, sai ta bar tafin a buɗe tana jira. Ya yi tsaki, ya sake laluba aljihu, ya ciro sauran biyun da ya ɓoye wa kansa, ya zuba mata.