Tuwo a Kaset

Kwana arba'in da ɗaya da tafiyar Nu'uman ƙasar Rasha karatun likita, sannan aka ji ɗuriyarsa. Shekara guda ke nan da ƙaddamar da shari'a, wayar hannu ba ta iso Daura ba tukuna. Wanda ɗansa ya yi nisa sai dai ya jira wasiƙa, wanda bai iya karatu ba kuwa, irin Iya Shatu mahaifiyar Nu'uman, ya jira kaset.

Wani Jafaru ɗan Zango ne ya kawo, wanda ya gama nasa karatun a can. Bai ma san yaron ba, a tashar jirgi wani ya danƙa masa. Malam Badaru, uban Nu'uman, ya bar aikin dukancinsa, ya sayo sabon batir, ya dasa rediyo a tsakar gida yana ta hura hanci kamar shi ya ƙera ta.

"Assalamu alaikum. Baba, ina wuni? Iya, ina wuni? Ni ne Auta."

Iya Shatu ta dafe ƙirji. Muryar ce, ba ta canja ba. Ya ce ɗakinsa a hawa na tara yake, ruwan zafi daga famfo yake fitowa, ba sai an hura wuta ba. Ya ce rana ba ta jimawa, ana idar da la'asar sai magariba. Ya gaida 'yan unguwar Kusugu gida-gida, har da akuyar Iya.

"Abinci kuwa, Iya, kada ki damu. Sai wanda na zaɓa. Har ƙiba na yi."

"To, kin ji," in ji Malam Badaru. "Ke da kike ta hana kanki barci."

Yaron ya yi sallama, aka ji ƙas. Daidai nan aka kira azahar. Malam ya zura takalmi, ya ce ta kashe rediyon, ya fice. Ita kuwa maɓallai shida ne a jere, duk kamarsu ɗaya, kuma ba ta taɓa danna ko guda ba. Ta bar abin yana juyawa, ta jawo tsintsiya.

Ashe shi ma Auta bai danna daidai ba.

Ta ji an ajiye tukunya. Ta ji ana ƙyasta ashana, sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Sannan muryarsa, ƙasa-ƙasa, don tun yana ƙarami in abu ya cushe masa da kansa yake magana.

"Wai ruwa ake fara sawa ko gari?"

"Ruwa, Auta!" Tsintsiyar ta faɗi daga hannunta. "Bari ya tafasa tukuna!"

Ina zai ji? Ta ji shi yana zazzaga gari, da yawa, a lokaci guda, cikin ruwan da ko ɗumi bai yi ba.

"Kwana goma sha tara, burodi da shayi," yake cewa. "Naman nan nasu ban san na mene ne ba, kuma ban iya tambaya ba. Yau dai ko mene ne ya fito sai na ci."

Cokali yana ta ƙwanƙwasar tukunya. Can ya fara tari. Iya Shatu ta san tarin, na hayaƙin abin da ya kama ne. Aka buga ƙofa da ƙarfi, wata mata ta shigo tana zazzaga faɗa da yarensu, shi kuma kalma ɗaya tak yake maimaitawa. Ba sai an fassara wa Iya ba, haƙuri yake bayarwa. Aka maida ƙofa garam. Aka ji yana kankare tukunya, a hankali, ya daɗe yana yi. Sannan kankarar ta tsaya, ya fara kuka, irin na wanda ya toshe bakinsa da hannu. Bai daina ba har zaren kaset ɗin ya ƙare.

Ita ce ta haɗa masa kayan da hannunta: garin dawa, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji har kwalba biyu. Ta ɗaure, ta sake ɗaurewa. Ko sau ɗaya bai zo mata ba ta tambayi kanta wa zai dafa. Kuma ita ce, duk sanda ya raɓo murhu yana yaro, take ɗaga masa muciya. "Tashi ka ba ni wuri! Namiji da zaman madafa? So kake a yi da mu a gari?" Shekara ashirin tana tuƙa tuwo a gabansa, ta hana shi kallo. Babu wanda za ta ɗora wa laifi sai kanta.

Da Malam ya dawo masallaci tare da Jafaru, ta tsaya daga bakin zaure.

"Ɗan nan, yaushe za ka koma?"

"Ai na gama, Iya. Na dawo ke nan."

"Babu mai tafiya?"

"Sai baɗi, in an ɗebi sababbin ɗalibai. Amma akwai gidan waya. Wata biyu, wani lokaci uku. Wani kuma ba ya isa."

Ba ta gaya wa Malam abin da ta ji ba. Yaron ya rufa wa kansa asiri a gaban ubansa, ba ita za ta yaye ba. Ta ce dai ya sayo mata sabon kaset, ya nuna mata inda ake danna ɗauka da inda ake tsayarwa. Ya nuna, yana tsokanarta wai da tsufanta za ta zama 'yar gidan rediyo.

Washegari da hantsi, bayan ya fita, ta ajiye rediyon a kan kujera 'yar tsuguno, dab da murhu. Ta danna maɓallin ɗauka.

"Auta, Iya ce. Muna lafiya. Na ji ka yi ƙiba, na ji daɗi. Yau haka kawai na ce bari in yi tuwo muna hira."

Ta faɗa masa yawan ruwa. Ta matso da rediyon ya ji tafasa. Ta yi talge, ta ce ga yadda ake damawa kada ya yi gudaji, ta rage wuta ta ce masa ta rage. Ta tuƙa da ƙarfi don ƙarar muciya ta shiga sosai.

"Ka ji wannan huci da yake yi? To, in ya yi haka ya nuna. Sai ka sauke. Ka ci da zafinsa."

Tuwon ya yi kyau, ya yi laushi. Ta dube shi, ta tuna wata biyu, ko uku. Ta danna maɓallin tsayarwa, ta leƙa ta ga zaren ya tsaya cak, ta sake dannawa don ta tabbatar. Sannan ta ja bakin zane ta rufe fuskarta.