Layin Baya Na Lemun Oysulu

Layi uku na lemun tsami ne a rumfar ledar da ke bayan gidan Oysulu, a wani ƙauye kusa da garin Rishtan. Na gaba da na tsakiya kowace shekara sai an tokare rassansu. Na baya kuwa, wanda ke jikin katangar laka, shekara shida ko fure bai taɓa yi ba.

Mijinta Tulkin ya zuba taki, ya canja ruwa, har ya gaji. "Raggaye ne," in ji shi. "Da bazara zan sare su."

Oysulu ba ta yarda ba. Wata rana ta hunturu ta ɗauki butar shayinta ta wuni a rumfar, tana kafa tsinke duk inda hasken rana ya tsaya. Kafin la'asar ta fito da gudu.

"Baban yara! Ba ragganci ba ne, duhu ne! Na gaba sun tare musu rana, ɗan abin da ya tsallake kuma katanga ta shanye!"

"To, sai ki ɗauko ranar ki kai musu."

"Haka zan yi kuwa!"

Ta kwaɓa farar ƙasa ta shafe katangar fes, ta rage rassan layin gaba, ta rataye tsofaffin farantan cin shinkafa masu ƙyalli don su maido da haske kan layin baya. Tulkin ya leƙo ya kama ciki yana dariya. "Biki za a yi wa bishiyoyin? Sai amarya ta rage."

Wata biyu shiru. Ranar nan da safe ta ture dusar ƙanƙara daga bakin ƙofar rumfar ta shiga, sai ƙamshi ya tare ta. Ta kutsa can baya. Fari fat! Kowane reshe ya yi fure.

Ihunta ya sa Tulkin ya fito da takalmi ƙafa ɗaya, gurasa a hannu. Ya tsaya yana kallo, ya kama reshe ya shinshina, ya sake shinshinawa.

"Uwar yara, ai dama na faɗa bishiyoyin nan masu kirki ne."

"Kai? Yaushe?"

Bai ma ji ta ba. Tuni ya taka bokiti ya leƙa ta kan katanga yana ƙwala wa maƙwabcinsa kira: "Eshmat! Bar abin da kake yi, zo ka ga aikin matata!"