Rumfa a Tsakiyar Titi

Tun jajibirin suna aka rufe titin. Haka ake yi a Garuwa. Duk wanda Allah ya ba haihuwa ko aure, sai ya ɗauko rumfunan haya ya kafa a tsakiyar kwalta, ya jera benci a wannan baki, ya gindaya mota a wancan, masu wucewa kuma su je su nemi hanyar da ta fisshe su. Zaharaddin ya sha zagin wannan ɗabi'a a ofishinsu na kamfanin auduga, duk ranar da bikin wani ya makarar da shi. Amma da aka zo kan sunan 'yarsa ta fari, surukinsa Alhaji Abakar, babban dillalin shanu a unguwar, ya ce rumfa uku za a kafa a ƙofar gidansa, sai Zaharaddin ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba." Da hannunsa ma ya nuna wa abokan aikinsa inda za su ajiye motocinsu a bakin titin, wata bayan wata, har suka toshe ɗan wurin da ya rage.

Matarsa Raihana a gidan iyayenta ta haihu, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Tun da aka dawo da ita daga asibiti bai wuce zaure ba sai sau ɗaya, shi ma a tsaye, idonsa a ƙasa, mata na yi masa dariya. Sauran duk ta waya ne, a ɓoye, kamar saurayi da budurwa.

Da safe liman ya yi addu'a, aka raɗa wa jaririya suna Huda. An yanka rago, Alhaji ya ƙara da bijimi. Kafin azahar zafin watan Afrilu ya sauko sosai, rumfunan sun cika maƙil, ana ta shigo da farantan shinkafa da nama, maroƙi na ta kirari a lasifika.

Zaharaddin na zaune a gefen tabarma cikin farar shadda, kusa da amininsa Hayatu, wanda ke haya da moto, wato babur, a gari.

"Angon ƙarni, saki fuska mana," in ji Hayatu. "Kai da ka zama uba, kana zaune kamar wanda aka kama a gonar mutane."

"Kai dai ci namanka."

"Ina ci. Ina kuma kallon titin nan. Wa na ji yana cewa ranar da ya haihu ko kujera ɗaya ba za ta taɓa kwalta ba?"

Zaharaddin ya buɗe baki zai rama, wayarsa ta motsa a aljihu. Raihana ce. Ya toshe kunne ɗaya saboda ƙarar lasifika.

"Zaharaddin."

 Tun da suka yi aure ba ta taɓa kiran sunansa ba. Yallaɓai take ce masa, ko ana wasa ko ana faɗa.

"Zo ka fitar da ni," ta ce, muryar kamar daga cikin rijiya. "Jini ne. Tun jiya ya ƙi tsayawa. Ba na gani sosai."

Bai san lokacin da ya tsallake faranti biyu ba. A ƙofar zaure ta ciki ya yi kiciɓis da Gwaggo Dela, ƙanwar Alhaji, wadda ita ke yi wa mai jego wanka. Ta ware hannuwa ta tare hanya tana dariya.

"A'a, a'a! Angon ƙarni, ina zuwa haka? Cikin mata, a gidan surukai? Ku zo ku ga rashin ta-ido!"

Wata ta rangaɗa guɗa, tsakar gida ta ɗauki shewa.

"Gwaggo, ita ta kira ni. Ta ce jini."

Dariyar ta ɗauke daga fuskar tsohuwar. Ta rage murya. "Rufa mana asiri, ɗan nan. Jinin biƙi ne, wace mace ce ba ta yi ba? Mun dama mata kunun kanwa, mun jiƙa mata sassaƙe. Yaran yanzu da waya! Bari a sallami baƙi, in an yi la'asar sai a duba."

"La'asar?"

"Mutane sun zo tun daga Marwa da Mindif. So kake su ga ɗaki ba mai jego?"

Zaharaddin ya sunkuya ya bi ta ƙarƙashin hannunta.

Hayaƙin turaren wuta ya turnuƙe ɗakin har yana yaji a ido. Raihana na zaune a kan gado, an jingina ta da matasai. An saka mata leshi mai ruwan zinariya, an ɗaura mata kallabi, an shafa mata jan-baki, jaririyar na kwance a gefenta. Matan da suka shigo barka suna ajiye sabulai da atamfofi suna fita. Da ya kama hannunta sai ya ji shi sanyi ƙalau, a cikin wannan zafin. Ya ɗaga gefen zanen da aka rufa mata a ƙafa, ya ga tsummokaran da aka ninke a ƙarƙashinta. Ya leƙa bayan gado, ya ga baho cike da waɗansu zannuwan, an ɗora faifai a kai. Sai a lokacin ya gane abin da turaren yake rufewa.

"Innalillahi," ya ce. Ya sake cewa, "Innalillahi."

A bakin ƙofa mahaifiyarta, Hajiya Halime, na tsaye ta toshe baki da mayafi, hawaye na zuba. Raihana ce 'yarta ta fari. Ko sunanta ba ta faɗa, balle ta shigo gaban mutane ta nuna damuwa a kanta. Tun safe take zagaya ƙofar ɗakin nan tana komawa.

Ya ɗauki matarsa cak. Kallabin ya faɗi, bai waiwaya ba. Mata suka dare, wata na salati, wata na cewa a rufa mata kai. Gwaggo Dela na biye da shi tana faɗin, "Ta ƙofar gaba? Gaban maza?"

A zaure ya tsaya, don sai a nan ya tuna. Motar Alhaji na cikin gareji, rumfar tsakiya kuma a bakin garejin aka kafa ta, turakunta ɗaure da duwatsu. Bakin titi na gabas an cika shi da benci da tukwanen girki a kan wuta. Na yamma kuwa motocin abokan aikinsa ne, yadda ya jera su da kansa.

"Motar wa ce ta ƙarshe?" ya ɗaga murya. "Farar nan ta baya!"

"Ta Patrice ce," wani ya amsa. "Ya hau moto ya je ɗauko matarsa, yanzu zai dawo. Makullin na wurinsa."

Hayatu bai tambayi komai ba. Ya dubi fuskar Raihana sau ɗaya, ya janyo motonsa da ya jingina a zauren, ya tashe shi. "Hau. Sa ta a tsakiya, ka riƙe ta da kyau."

Ba wata hanya sai ta cikin rumfunan. Hayatu ya danna oda ya hau kan tabarmi. Dattawa masu manyan riguna suka watse, wani ya bar hularsa, farantan shinkafa suka kife, madubin moton ya kama igiya, rumfar ƙarshe ta rufto a bayansu. Zaharaddin ya ga surukinsa a tsaye da ƙashi a hannu, baki buɗe. Suka kutsa ta ɗan tsakanin mota da kwata, gwiwarsa ta gogi bango, suka faɗa babban titi. Duk tsawon hanya kanta na kan kafaɗarsa yana lilo, shi kuwa yana ta kiran sunanta a kunne, yana jin ɗumi na bin cinyarsa.

A asibiti aka karɓe ta da gudu. Can likitar, wata mace gajera mai tabarau, ta fito ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne mijin? Tun yaushe take zubar da jini?"

"Tun jiya, in ji ta."

"Tun jiya! Kuna ina?"

"Suna muke yi," ya ce. Da ya ji maganar a kunnensa sai ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Likitar ta yi bayani a gajarce. Guntun mabiyiya ne ya maƙale tun ranar haihuwa, za su cire shi yanzu. Amma jinin da ya rage a jikinta ba zai riƙe ta ba, irin nata kuma leda ɗaya ce a asibitin, an riga an ɗaura. Aka gwada na Zaharaddin da na Hayatu, ba wanda ya dace. "Ka kawo mutane," ta ce. "Duk wanda ka samu, musamman danginta. Kada ka tsaya gaisuwa."

Ya kira Alhaji, ba a ɗauka ba. Ya kira ƙannen Raihana, ya kira abokan aikinsa, waya na ta ƙara ba mai ji. Suka sake hawa moto.

Tun daga nesa ya jiyo lasifikar. Da suka sha kwana sai ya ce wa Hayatu ya tsaya, don ya ɗauka idonsa ne ke yi masa gizo. An tayar da rumfar da ta faɗi. An share shinkafar, an gyara tabarmi, an fito da sabbin faranti. Motar Patrice na nan inda take. Wani baƙo da ke wanke hannu ya gan shi ya ce, "Ah, ango, ya mai jiki? An ce ɗan jiri ne ya ɗebe ta." Sai idonsa ya sauka kan jinin da ke jikin shaddar, ya kau da kai.

Zaharaddin ya ratsa rumfar da takalmansa. Maroƙin na tsakiyar wasa wani attajiri, ya fizge abin maganar daga hannunsa.

"Jama'a, ni ne uban yarinyar da kuka zo suna." Muryarsa ta fita da ƙarfi har ta ba shi tsoro. "Ba jiri ba ne. Ku dubi rigata. Matata jini take zubarwa tun jiya, aka yi mata kwalliya aka zaunar da ita don kada abincinku ya huce. Yanzu tana asibiti, in ba a samu jini ba mutuwa za ta yi. Kun ci naman sunan 'yarta. Ina roƙon ku don Allah, wanda zai iya ya tashi."

Wurin ya yi tsit, sai ƙarar injin wuta. Namiji ya ambaci jinin matarsa a lasifika, a ƙofar gidan surukinsa. Wasu suka sunkuyar da kai don kunyar abin da ya faɗa, ba don abin da ya faru ba. Daga cikin gida ya jiyo muryar Gwaggo Dela: "Shi ke nan, ya gama da mu a unguwa."

Mukhtar mahauci, wanda ya yanka bijimin da safe, shi ya fara ajiye wuƙarsa. Ya goge hannu a riga ya ce wa abokan sana'arsa, "Ku tashi, mu da muke zubar da shi kullum." Ya dubi gabas, ya dubi yamma. "To, ta ina mota za ta fita?"

 Mahautan suka kama benci suna jifa da su gefe, suka sauke tukwane daga wuta, suka tumɓuke turakun rumfar tsakiya mutane na ƙarƙashinta. Ƙannen Raihana biyu suka fito da gudu, sai ga Hajiya Halime a bayansu, ba mayafi, takalmi ƙafa ɗaya, ta shige motar farko ba ta dubi kowa ba.

Cikin waɗanda aka gwada, jinin ƙaninta ɗaya da na wani mahauci suka dace. Aka shiga da su. Sauran suka zazzauna a inuwar bishiyar dalbejiya a harabar asibitin.

Zaharaddin na kan benci a baranda, jinin ya bushe ya sa shaddar ta yi tauri, sai ya ji an zauna kusa da shi. Alhaji Abakar ne. Bai taɓa zama a kujera ɗaya da mutumin nan ba. Jikinsa ya motsa zai zame ƙasa kamar kullum, amma ƙafafunsa suka ƙi.

"Sun ƙi karɓar nawa," in ji Alhaji. "Wai na tsufa."

Zaharaddin ya ci gaba da duban ƙofar ɗakin da aka shigar da Raihana.

Dattijon ya daɗe yana murza carbi ba ya ja. Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Uwarta ta same ni bayan sallar asuba. Ta ce yarinyar nan a kai ta asibiti. Na ce a bari a yi addu'a tukun. Da aka yi addu'a na ce a bari a ci abinci."

Zaharaddin ya juyo ya dube shi ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.  Wannan mutumin ne da ke tashi tsakiyar kasuwa ya bar ciniki in an ce masa saniya ɗaya ta ƙi cin ciyawa.

Ƙofa ta buɗe, likitar ta leƙo tana cire safar hannu.

"Jinin ya tsaya. Ta farfaɗo, tana magana. Mutum ɗaya zai shiga, kada ya daɗe." Ta dubi su biyun. "Wane ne Yallaɓai?"

Alhaji ya riga ya fara miƙewa. Ya tsaya a haka, hannu a kan gwiwa, sannan ya koma ya zauna a hankali. Zaharaddin ya tashi ya wuce ta gabansa, bai rusuna ba, ya shiga.