Masu Zanen Cokali

Kamar kowane ƙarshen wata, ta zauna kwaɓa biskit ɗin taron unguwa, hannu na aiki, hankali na wani wuri. Kafin ta zuba sukari ta gutsuri kwaɓin, ta mulmula, ta danna musu cokali mai yatsu don a gane su, yadda ta saba yi wa maigidanta mai ciwon sukari. Sai da suka gasu ta tuna tun watan jiya aka kai shi makwancinsa. Ta jera su cikin sauran.

A wurin taron maƙwabciyarta ta gatsa ɗaya, ta yamutsa fuska.

"Yaya, wannan ai ba zaƙi. Na wane ne?"

"Ci abinki," ta ce. "Ba na kowa ba ne."