Tudun da ke Ƙarƙashin Katifar Goggo

Littattafan labari goma sha ɗaya gare ni, kuma dukansu a ƙarƙashin katifa suke kwana. Mama ce ta jawo. Ta ce har in gama jarrabawa, duk littafin da ta gani wanda ba na makaranta ba, mai shagon bakin layi za ta kai wa ya riƙa naɗe sabulu da shi. Mama kuwa ba ta faɗa sau biyu.

Gado ɗaya muke kwana da Goggo, ƙanwar Baba, mai ɗinki a falonmu. Na jera littattafan a kan katakon gadon, kwance, babu wanda ya hau wani, don kada a ji tudu. Har da rula na auna.

Bayan sati uku Goggo ta fara tashi a karkace, hannu a ƙugu, ko keken ɗinkinta ba ta iya takawa. Likita ya ce katifa ce, a sake ta. Ranar Asabar muka tafi shago, ni da ita da Mama.

Goggo ta danna wata katifa da yatsa biyu. Mai shagon, wani gajere mai fara'a, ya ce, "Hajiya, yatsan ne zai kwana a kai? Hau ki kwanta. Minti goma."

"A gaban jama'a? Da girmana?"

"Girman naki za mu auna ai."

Ta cire takalmi ta hau tana rufe fuska da mayafi. Ya ce in zura tafin hannuna ƙarƙashin ƙugunta. In ya wuce salin alin, katifa ta yi tauri. In ya ƙi shiga sam, ta yi laushi, mutum ya nutse. Wadda ake so ita ce hannu ya shiga da ɗan matsi.

Ashe Goggo ba ta jure cakulkuli. Ina zura hannu ta yi ƙara ta wuntsila, mayafi gefe, ɗankwali gefe. Mama ta dafa bango tana dariya har da hawaye. Daga nan kunya ta ƙare. Goggo ta bi katifu bakwai, tana hawa tana sauka.

"Wannan ta haɗiye ni! Matar yaya, miƙo hannu!"

"Wannan kuma bencin asibiti ce aka yi wa riga."

A ta bakwai ta yi shiru. Muka leƙa, sai ga ta tana minshari.

"Ta zaɓa," in ji mai shago. Ya ƙirga wa Mama sharuɗɗa a yatsunsa: a juya ta duk wata uku, kai ya koma ƙafa, a riƙa fitar da ita ta sha iska, kada a zauna kullum a baki ɗaya. "Ƙasanta kuma ya zama sumul. Wasu har takardu suke cusawa, su zo suna zagin katifa."

Dariya ta kufce mini, irin wadda take fita ta hanci. Duk suka juyo. Na ce shaƙuwa ce.

Na so in riga su isa gida, amma mota ɗaya ta kwaso mu da katifar. Muna shiga Mama ta kama bakin tsohuwar ta ɗaga. Na runtse ido, na buɗe guda ɗaya.

Jerin da na yi babu shi. Littattafai uku ne kawai a inda na jera su. Sauran takwas an ɗora su kan juna, tsibi guda, daidai inda ƙugun Goggo yake sauka.

Mama ta dube ni. Ni kuma na dubi Goggo, baki sake.

"To, me?" in ji Goggo, tana gyara ɗankwali. "Waɗanda na gama ne nake tarawa wuri ɗaya, kada su cakuɗe da waɗanda ban karanta ba."

"Goggon yara! Kina nufin da hannunki kika gina wa bayanki tudu, kika sa muka je har wajen likita?"

"Ina na sani? Ina can ina kuka a kan yarinyar da jirgi ya tafi ya bari."

Mama ta zauna a kan sabuwar katifa, da ledarta da komai, tana dariya har ledar na ƙara. Da ta samu numfashi ta tattara littattafan ta rungume. Zuciyata ta tafi wajen sabulu.

"A'a, matar yaya," Goggo ta tare ƙofa. "Saura uku ban karanta ba. In mai shago ya taɓa su, ɗinkinki sai baɗi."

Mama ta yi tsaki, ta zuba su a durowar keken ɗinki, ta kulle, ta miƙa wa Goggo mukulli. "Wannan kuwa," ta nuna ni, "sai bayan jarrabawa."

Tana fita Goggo ta baje a kan katifar, ta miƙe har bayanta ya yi ƙas, ta jawo ni da gefen zane.

"Ɗiyata, mai koren bangon nan, shafin ƙarshe ya yage. Jarumin ya dawo ko bai dawo ba?"