Mai Tsayuwa da Ƙafa Ɗaya

Tela ya tsinci littafin ne a ƙarƙashin keken ɗinkinsa, inda 'yarsa Auta ta manta shi. Ya san bai kamata ya buɗe ba, amma ya buɗe.

"Talata, shida da rabi. Ya zo shi kaɗai. Ya tsaya da ƙafa ɗaya, ko kallona bai yi ba."

"Laraba. Bai zo ba. Raina ya ɓaci."

"Alhamis. Ya kalle ni! Ashe wuyansa ya kai haka tsawo."

Tela ya rufe littafin. Ranar sai da ya ɗinke bakin aljihun wandon wani, ya farke, ya sake ɗinkewa. Yarinyar da kullum take fita da sassafe, wai ƙarin darasi!

"Wane irin saurayi ne ke tsayawa da ƙafa ɗaya?" ya tambayi matarsa da ya koma gida.

"Maigida, lafiyarka kuwa? Saurayin wa?"

"Ga girman kai. Sai ya ga dama yake kallonta."

Da ta fahimci zancen, sai ta ce, "To ka tambaye ta mana."

"In ce mata a ina na ji?"

Washegari ya bi Auta a baya, yana raɓewa jikin motocin da aka ajiye. Ta wuce kwanar makaranta, ta bi bayan wata tsohuwar masana'anta, ta tsugunna a bakin wani kududdufi. Tela ya duba gabas, ya duba yamma, bai ga kowa ba. Garin leƙe, ƙafarsa ta nutse cikin taɓo, takalmin ya ƙi fitowa.

"Baba?"

"Ina yake?" ya ce, yana haki.

"Yi a hankali, kada ya tashi."

"Ya tashi? Au, kwance ma yake?"

Ta ciro madubin hangen nesa daga wuyanta, wanda malamar kimiyya ta ara mata, ta ɗora masa a ido. Da farko ciyawa ya gani, sai sama, sai ciyawa kuma. Ta ɗan juya masa kai. Sai ga wani tsuntsu mai ruwan toka tsaye cikin ruwa, shiru kamar an dasa shi.

"Zalɓe ne," ta raɗa masa. "Wata biyu ke nan ina zuwa."

Kafin ya ce wani abu, zalɓen ya cafko kifi ya haɗiye. Tela ya ga kifin yana gangarawa cikin wuyan.

"Kai! Kin gani? Bai ko tauna ba!"

Auta ta yi dariya, sannan dariyar ta tsaya.

"Baba, ya aka yi ka san akwai wanda nake zuwa gani?"

Tela bai sauke madubin ba. Tsuntsun ya riga ya tashi, ruwa kawai yake kallo.

"Littafinki na karanta," ya ce. "Ban kyauta ba."

Ta karɓi madubin, ta mayar wuyanta. Can ta ce, "Gobe ka sa takalmin roba."