Ranar da Glenys Ta Yi Shiru

Duk garin Moonta babu wanda ya kai Glenys Tregear surutu, ita kuwa kurma ce tun daga tsatso. Da hannu take zuba, safe da yamma, a gidan burodin da ta shekara talatin tana naɗe burodin nama da dankali. Mijinta Col, shi ma kurma, yakan ce ko barci take yi yatsunta gulma suke yi.

Kwatsam sai ƙaramin yatsanta na dama ya fara ƙin bin umarni. Aka kai ta asibiti a Adelaide, hoto ya nuna ƙari a ƙwaƙwalwa, bai fi goro ba, manne da wurin da ke juya hannun dama. Likitan tiyata bai yi ɓoye-ɓoye ba. In ya cire shi duka, hannun zai iya mutuwa. In ya bar saura, zai sake tsirowa. Glenys ta ji tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba, domin da hannun nan ta yi wa Col alkawarin aure, da shi take zagin gwamnati.

Kwana biyu kafin tiyata aka tura ta wurin Dakta Perera, wata 'yar siririyar likita mai haƙuri. 'Yar Glenys, Bronwen, wadda ke ji, ita ce tafinta. Likita ta manna wayoyi a hannun, ta ɗauko wata na'ura mai zobe biyu ta ce za ta riƙa ɗora ta a kai tana harba maganaɗisu. Duk inda ta taɓa gurbin hannu a ƙwaƙwalwa, yatsa zai zabura da kansa, ɗigo ya fito a hoton ƙwaƙwalwar da ke allo. Da ɗigon nan za a san inda wuƙa za ta bi. Sharaɗi ɗaya ne: hannu ya kwanta laƙwas, don in tsoka na aiki wayoyin ƙarya za su faɗa.

Harbin farko, babban yatsa ya yi tsalle. Glenys ta zaro ido ta ɗaga hannu biyu.

"Kai! Col, ka gani? Wallahi ba ni ba ce!"

"Na gani," in ji Col daga kujerarsa. "Yau an sami mai juya ki."

"Ji tsohon banza. Kai wa ya juya ka ka sa wannan wandon?"

"Mama, don Allah ki ajiye hannu," in ji Bronwen.

Ta ajiye, ba a yi minti biyu ba ta tuna ba ta kashe tanda ba, ko ta kashe? Col ya rantse ta kashe, ta ce yaushe ya zama shaida. Haka aka ci minti arba'in. Allo ya cika da ɗigo ko'ina, har a kan ƙarin, ba a san na gaske da na bogi ba. Dakta Perera ta ɗora tafinta a kan hannun Glenys don ta lallashe ta. Tab! Glenys ta fizge, fuskarta ta yi ja.

"Likita, kada ki ƙara," in ji Bronwen da sauri. "Riƙe wa kurma hannu, toshe masa baki ne."

Likita ta ba da haƙuri, sannan ta faɗi gaskiya. Da wannan taswirar babu likitan da zai kuskura ya cire ƙarin duka.

Col ya taso ya tsaya a gabanta, wasa ya bar fuskarsa.

"Glen, muddin kina ganina sai kin amsa. Rufe idonki."

Ta harare shi. A wurinsu rufe wa mai magana ido ya fi ashar zafi, sau ɗaya ta taɓa yi masa a shekara talatin da takwas, sai da suka yi mako ba sa ga maciji. Kuma in ta rufe ido, me ya rage mata a duniya?

"Tsoro nake ji, Col."

"Na sani. Ina nan ƙasa."

Tsohon ya zauna daɓas a kan tayil da ciwon gwiwarsa, ya cire mata takalmi ya riƙe ƙafarta. Ta rufe ido.

Duhu ya rufe ta. Tana jin ƙwanƙwasar na'urar a ƙoƙon kai, tana jin yatsunta na zabura ba da izininta ba. Maganganu suka taru mata har wuya: tandar, wandon Col, abin da take so a gaya wa jikokinta in ba ta farka ba. Ta haɗiye su ɗaya bayan ɗaya. Minti ashirin da biyar, tafin Col bai bar ƙafarta ba.

Da ya matsa mata ƙafa sau biyu, alamar an gama, ta buɗe ido, Dakta Perera na nuna allo tana dariya. Ɗigon sun taru wuri guda, can gaba. Ashe ƙarin da yake girma ture gurbin hannun ya yi gefe, ya bar tazara kamar faɗin yatsa.

"Ga hanya nan," in ji likita. "Zai fita duka."

Ranar Alhamis da azahar, bayan tiyata, Glenys ta farfaɗo, kai naɗe da bandeji. An cire shi kaf, Bronwen ta gaya mata. Ba ta kula ba, hannun dama take kallo, yana kwance a kan bargo kamar na wani. Ta umarce shi. Shiru. Ta sake. Manuniya ta motsa, babban yatsa ya biyo, sai ga ƙaramin ma ya miƙe.

Col ya fashe da kuka, hawaye da majina, a gaban ma'aikatan jinya. Glenys ta ɗaga hannun a hankali, kowace kalma sai da ta yi mata gumi.

"Share hancinka. Kana ba ni kunya."